Garin da Kowa Sunansa Ɗalhatu

An ce a wani zamani mai nisa, lokacin da ake auna girman mai mulki da tsawon ganuwarsa, an yi wata sarauniya a wani birni da ke kan hanyar fatake. Ubanta ya rasu ya bar 'ya'ya maza, amma kafin su gama gardamar wanda zai hau karaga, ita ta riga ta zauna, har ta aika musu da abincin rana. Ta yi yaƙi gabas, ta yi yamma, sarakunan da suka yi mata dariya da fari suka koma aiko mata da gaisuwa a kan raƙuma. Mijinta kuwa ba wanda ya riƙe sunansa. Abin da aka sani kawai, mutum ne mai kiwon tantabaru, kuma ya iya.

Wannan sarauniya ta kafa wata doka da har maƙiyanta suka yaba. Ba a ɗaure mutum, ba a yi masa bulala, balle a fille masa kai, sai ita da bakinta ta ambaci sunansa a gaban fada. In ba ta ambata ba, Hauni, mai yanka na fada, ba ya zare takobi. Takan ce, "Jinin da za a tambaye ni gobe kiyama, gara in san sunan mai shi tun yau."

To, sarauniya tana da ɗan fari, sunansa Ɗalhatu. Kowa ya san alkunyar iyayenmu mata, uwa ba ta kama sunan ɗanta na fari. Ita kuwa, da yake duk abin da ta sa hannu sai ta fi kowa, ta ɗauki alkunyar nan ta kai ta inda ba a taɓa kai ta ba. Ba ta faɗin sunan ɗan, ba ta faɗin na takwarorinsa. In ta kama dole sai ta ce "wancan", ta kau da kai.

Yarima Ɗalhatu ya tashi ya gane akwai ƙofa ɗaya a gidan da ba ta rufuwa, ya kuwa shiga ya miƙe ƙafa. Ya ga rago ya kama, ya ga gona ya sa dabbobinsa. Mai gona ya zo fada da kuka, sarauniya ta ce, "Wa ya yi maka haka?"

"Ranki ya daɗe, Ɗalhatu ne."

Sai ta ja mayafi ta rufe baki, ta sunkuyar da kai. Fadawa kuwa, irin waɗanda duk ƙasar da ka je za ka tarar da su, naɗin rawani ne kawai ya bambanta, sai su ɗauka: "Kunya adon mace. Tashi, malam, ka ga ka sa ta jin nauyi." Mai gona ya tashi ya koma gida da laifin rashin ta ido.

Ana nan, ran nan aka kamo wani ɓarawon akuya, igiya a hannu, akuya na kuka. Aka tambayi sunansa, ashe shi ma Ɗalhatu ne, na gaskiya, tun ran suna. Sarauniya ta buɗe baki, ta rufe. Hauni ya jira har ya gaji da tsayuwa. Ɓarawo ya fita ta babbar ƙofa, akuya na biye da shi.

Kafin kasuwa ta sake ci, raguna sun yi wuya a birnin. Duk jaririn da aka haifa, Ɗalhatu. Daga nan manya suka shiga. Ka ga ƙato da gemu ya tara liman da wanzami, an yi masa aski, an raɗa masa sabon suna, mata na rabon waina. An ce wani tsoho mai jikoki ma an sake masa, wanzami ya zo ya rasa abin askewa. Ka shiga kasuwa ka ce "Ɗalhatu", mahauci ya waiwayo, mai gishiri ya waiwayo, wanda hannunsa ke cikin aljihunka ma ya amsa da ladabi.

Mutum ɗaya ya ƙi. Sunansa Nomau, yana jan ruwa a rijiyar bakin ƙofar gari. Matarsa ta yi ta fama da shi: "Malam, kowa ya shiga inuwa, kai kaɗai ka zauna a rana."

Ya ce, "Sunan da ubana ya yanka mini bunsuru a kai, ba zan yar ba. Ban ci na kowa ba, me zan ɓuya wa?"

Wata rana da hantsi ayarin fatake ya sauka a rijiyar. Yarima ya iso da karnukan farautarsa, fuska rufe da amawali, ya ce a kau da raƙuma karnuka su sha. Wani falke ya ce, "Yi haƙuri, bari wannan ya ƙarasa." Yarima ya soke shi da mashi a gaban jama'a, ya shayar da karnukansa, ya wuce. Baƙi ba su ga fuska ba. 'Yan gari kuwa sun san karnukan.

Madugun ayarin wan mamacin ne. Ya binne ƙanensa, ya kawo rigar da jini ya shimfiɗa a ƙofar fada, ya ce ba zai ɗaga ba sai an ba shi wanda ya yi, in kuwa an hana shi, sarkin ƙasarsu zai zo ya yi tambayar da kansa.

Waziri ya matso kusa da sarauniya ya sassauta murya. "Ranki ya daɗe, jini yana son suna, sunan kuma sai wanda bakinki zai iya ɗauka. An duba waɗanda ke bakin rijiya. Akwai wani Nomau."

"Shi ya yi?"

"Yana wurin, ranki ya daɗe."

Sarauniya ta kau da kai. Can ta ce a kawo shi da safe.

Matar Nomau ta ruga wajen wani tsoho mai suna Gwadabe, wanda ke zaune a bukka bayan ganuwa. Mutane kan je masa da abin da ya fi ƙarfin alƙali, ya ba su amsar da sai sun kai gida suke gane zagi ne ko shawara. Ya saurare ta, ya ce ta je ta ɗora tuwo da na mijinta a ciki.

Da safe fada ta cika. Ga Nomau a durƙushe, hannu a ɗaure. Ga Hauni a kansa. Ga madugu a gefe, ga Yarima a dama da karaga yana tauna goro. Sarauniya ta gyara zama za ta yi magana, sai aka ji ƙarar sanda. Tsoho Gwadabe ya shigo, ya yi sallama, ya tsaya a tsaye.

Waziri ya ce, "Kai tsoho, ba ka iya faɗuwa gaisuwa ba?"

"Na iya. Gwiwa ce ta ƙi, ita ba ta san fada ba."

Sarauniya ta ce, "Ƙyale shi. Me ke tafe da kai, Baba?"

"Ya sarauniya, abin mamaki na gani a hanya, na ce ba mai warware mini shi sai wadda ta fi kowa hankali."

"Faɗi."

"Na ga wata mace a tsakiyar kasuwa, kunya ta kama ta. Ta nemi abin rufe fuska ta rasa, sai ta kwance zanenta ta lulluɓe kai. Mutane na ta yaba mata kunya. Abin da ya ɗaure mini kai, ya sarauniya, duk masu yabon a bayanta suka tsaya."

Wani dogari dariya ta kufce masa, ya mai da ita tari.

Sarauniya ta ce, "Na warware. Amma ka sani furfura ba ta dushe takobi. Hauni, matso. Tsoho, yaya sunanka?"

"Da dai Gwadabe ne. Amma da na ƙudura zuwa nan, sai na biya ta wajen liman. Ɗalhatu, ranki ya daɗe. Tsufa na yi, ban haukace ba."

Sarauniya ta ciji leɓe. Ta juya ga Waziri. "Wa ya bar wannan ya shigo mini? Kai za ka amsa."

Tsoho ya ce, "Kada ki wahalar da bakinki, ya sarauniya, takwarana ne. Liman ya ce duk ragunan da aka kai masa ba wanda ya kai na Waziri ƙiba."

"Waziri, gaskiya ne?"

Waziri ya shafa gemu. "Ranki ya daɗe, don ƙaunar Yarima ne."

Ta dubi alƙali, alƙali ya dubi tabarma. Ta dubi sarkin dogarai, ya shiga gyaran ɗamara. Ta dubi Hauni. Hauni ya ce, "Ranki ya daɗe, mai yanka ya fi kowa sanin kaifin abin."

Tsoho ya dogara sandarsa. "Ya sarauniya, tambaya ɗaya ta rage mini. Makiyayin da ba ya iya ɗaga sanda ga shanu, shanun nasa ne?"

Ta ce, "Ba nasa ba ne. Suna dai kwana kusa da shi."

"Madalla da hankali. To, ke kika kafa doka cewa hukuncinki yana kan wanda bakinki ya kira. Na zaga birnin nan unguwa unguwa ina neman wanda har yanzu kike iya kira. Talakanki ɗaya ya rage, ga shi nan a ɗaure. Ki yanka shi, ai naki ne. Sai dai ki faɗa mini, in kansa ya faɗi, sarauniyar wa za ki kwana? Akwai dai maigida da tantabarunsa, amma na ji shi ma ba ki kama sunansa."

Wannan karon ba wanda ya yi tari.

Sarauniya ta daɗe tana duban mutumin da ke durƙushe. Ta ce, "Kai, me ya hana ka yin abin da kowa ya yi?"

Nomau ya ce, "Ranki ya daɗe, na ɗauka mai laifi ne ke neman maɓuya. Ban san marar laifi ya fi shi buƙata ba."

Sai ta miƙe tsaye. Ta sauke mayafin daga bakinta, ta ce da muryar da ta saba kiran mayaƙa, "Ɗalhatu."

Fada ta hargitse. Alƙali ya zube, sarkin dogarai ya zube, Waziri ya nufi ƙofa rawaninsa ya sarƙe a ƙafa, kowa na rantsuwa da sunan da ubansa ya raɗa masa. Hauni ya ce, "Wanne daga ciki, ranki ya daɗe?"

"Wanda na haifa. Shi ya kashe baƙo a bakin rijiya, kuma na sani tun jiya."

Goron ya faɗo daga bakin Yarima. Ya dubi uwarsa, ita ma ta dube shi, ba ta kau da kai ba. Ya ce, "Umma, ashe haka yake fita a bakinki. Ban taɓa ji ba."

Ta ce wa madugu, "Jinin naka ne. Ga shi nan."

Madugu ya naɗe rigar ƙanensa, ya dubi Yarima daga sama har ƙasa. Ya ce, "Ba na son kansa, kai ba ya jan raƙumi. Ƙanena ya bar marayu, ya bar raƙuma. A ba ni shi, ya ja akala a ƙafa, ya shayar da dabbobin kafin shi ya sha, har yaran su girma."

Aka kwance igiyar daga hannun Nomau aka ɗaura a na Yarima. Nomau ya murza wuyan hannunsa, ya tambaya ko wani ya ga gugansa, don a bakin rijiya aka kama shi.

Da fada ta watse, sarauniya ta tsai da tsoho. Ta ce, "Yanzu bakina ya buɗe, Baba. Sunan aron nan ba zai tsare ka ba."

"Na sani, ya sarauniya. Ai buɗe shi na zo yi."

Ta zauna, sarautar duk ta yi mata nauyi. "Faɗa mini gaskiya. Alkunya laifi ce? Uwata ta yi, kakata ta yi, ba wanda ya mutu."

Tsoho ya ce, "Na san uwarki. Ba ta taɓa kama sunan yayanki, ɗanta na fari, ba, amma kullum tana kama kunnensa. Ke kuwa kin saki sunan, kin saki kunnen, sannan kika ɗauko abin ɗaki kika hau karaga da shi."

Sarauniya ta sunkuyar da kai, a wannan karon ba mayafi, ba kuma bafaden da zai ce ado ne. Ta hau kan soro ta tsaya tana kallon ayari yana fita ta ƙofar gari, ɗanta a ƙasa yana jan akala, har ganuwar da ta gina da kanta ta tare mata shi.

Shi ya sa masu hikima ke cewa: kunyar da ta rufe bakin mai mulki, wuyan talaka take buɗewa.