Garwashin Ranar Lahadi

Akwai wani dattijon coci a tsibirinmu na Lewis, can ƙasar Turawa, a zamanin kakata, sunansa Tormod. Ranar Lahadi a gidansa ba a ɗiban ruwa, ba a wanki, zakara ma kife shi ake yi da kwando don kada ya yi cara.

Shi ke raba wa masu ibada 'yan ƙarafan dalma na shaidar cancanta. Wanda ba a ba shi ƙarfen ba, ba ya zama a teburin Jibin Ubangiji, inda ake cin gurasar ibada a coci, kuma kowa zai san ya yi abin kunya.

Yana da wa, Uisdean, tsoho mai ciwon ƙafa. Tun da coci ya rabu biyu Uisdean ya zauna a tsohon cocin, Tormod ya bi sabon, ya daina gaishe shi.

Wata Lahadi aka ga matar Tormod, Seonag, ɗauke da tukunyar garwashi a hanya.

Ya tare ta. "Ina za ki kai wuta ranar Ubangiji?"

"Gidan yayanka. Murhunsa ya mutu, yana ta karkarwa."

"Aiki kika yi!"

"To maigida, sanyin ma hutu yake yi ranar Lahadi?"

Sai ya hana ta ƙarfen.

Ranar Lahadin Jibin Ubangiji, Seonag ta zauna can baya, mata suna satar kallonta. Fasto ya miƙe ya yi gargaɗin da aka saba: mai keta Lahadi kada ya matso, mai gaba da ɗan'uwansa ma kada ya matso.

Tormod ya taso zai nufi teburin, ya tsaya. Ya koma, ya sake tasowa. Shekaru yana jin gargaɗin nan, rabin farko kawai yake ji.

Wani dattijo ya raɗa masa, "Tormod, gaba za ka yi ko baya? Ka tare hanya."

"Ban sani ba," in ji shi.

Sai ya juya, ya danƙa wa Seonag ƙarfensa, ya fice. Har yau ana gardama ko ba ta ƙarfen da ya yi ya halatta. Ni ban yi karatu ba, ba ruwana da gardamarsu.

Abin da na sani, an gan shi ya nufi gidan yayansa da garwashi. Uisdean ya dube shi ya ce, "Kai, yau fa Lahadi ce."

"Na sani, Yaya. Matsa in hura."

Darasi: Kafin ka auna ibadar matarka, duba ko murhun ɗan'uwanka na ci. Ku kai labarin nan ga 'yan'uwan da ba sa ga maciji da juna, su ma su ji.