Akwatin Turkuɗi na Zalika

Akwai wata budurwa a garin Tahoua, shekara huɗu bayan samun 'yancin kai, sunanta Zalika. Tana da hannun ɗinki, wannan babu mai musu. Abin da ta rasa shi ne zama wuri ɗaya har aiki ya kammala.

Yayarta Salamatu ta yi shekara biyu tana koyon aikin ungozoma. Wata ranar Alhamis takardar ɗaukarta aiki ta iso daga Yamai, an tura ta ɗakin shan magani na Tébaram. Takarda ɗaya ce tak, da sa hannu da hatimi, kuma sai Salamatu ta miƙa ta can za a karɓe ta aiki. Babbar motar da ke bin hanyar tana tashi ran Lahadi, bayan cin kasuwa.

Tun da Zalika ta ji matan unguwa za su taru da safiyar Lahadi su yi wa Salamatu sallama, kowace da kyautarta, ta kasa sukuni. Ta ƙudura za ta yi mata akwatin ajiye takardu, na kwali mai kauri, ta lulluɓe shi da zane ciki da waje.

Alhamis ta ƙare a wajen neman kwali. Juma'a ta yanka atamfa, ta duba, ta ce ba ta yi ba. Ta yanka wata, ita ma ta jefar. Ta shiga kasuwa sau uku kafin ta dawo da ƙyallen turkuɗi, baƙin zanen nan mai sheƙi da Abzinawa ke naɗawa.

Sai ran Asabar ta jiƙa ƙaro domin liƙi.

A gidan akwai gwaggonsu, Azumi, wadda ta tsufa tana lulluɓe adudun amare. Ta zauna tana kallo, har ta ga Zalika na auna turkuɗin a cikin akwatin. Ta gaya mata turkuɗi na waje ne, domin shuninsa na bin duk abin da ya taɓa, ciki kuwa farin akoko ake sawa. Ta ƙara da cewa ƙaro yana son kwana uku a inuwa, murfi a buɗe, kafin a saka ko allura a ciki.

Zalika ta ce farin akoko ai likkafani ne, kuma ba ta da kwana uku.

"To ki bari wani sati," in ji tsohuwar. "Motar ga ba ta mutu ba, ɗiyata. Za ta koma."

"Gwaggo, in zo gaban mutane hannu sake? Ku dai kun saba da aikin da."

"Mun saba. Shi ya sa ba a taɓa maido muna shi ba."

Zalika ta juya mata baya. Ta shafa ƙaro da yawa don ya kama da wuri, ta liƙa turkuɗi ciki da waje, ta kai rana, ta maido inuwa, ta sake kaiwa. Kowane ɗan lokaci sai ta danna da yatsa. Sama ya bushe, ƙasa da saura, kuma ta ji hakan da yatsanta.

Ran Lahadi akwatin ya ɗauki idon kowa. Mata suka riƙa karɓa hannu zuwa hannu, wata har ta yi guɗa. A gaban jama'a Zalika ta karɓi takardar daga hannun yayarta, ta shimfiɗa ta a ciki, ta rufe murfi. Salamatu ta yi godiya, ta cusa akwatin tsakiyar kayanta. Azumi na ɗaka a lokacin, ba ta san abin da aka saka ba sai da mota ta tashi.

Tafiyar ta yini ce, kayan kuma a saman mota, cikin zafin rana.

Bayan kwana takwas Salamatu ta shigo gida da ƙunshinta a kai. Ta gaida gwaggonta, ta sha ruwa, sannan ta kira ƙanwarta, ta ajiye akwatin tsakaninsu.

Ta ba da labari a natse. Da ta buɗe a gaban shugaban ɗakin shan maganin, takardar ta manne da gindin akwatin, ta rine baƙi ƙirin. Da ta ja, sai ta yage, hatimin ya rage a jikin zane. Mutumin bai ci zarafinta ba, amma ya ce ba shi da ikon karɓarta, sai an rubuta Yamai an aiko wata. Ta zauna gidan mutane har mota ta dawo.

Zalika ta soma cewa laifin rana ne, sannan ta ce na direba.

"Akwatinki ya yi kyau, Zalika," in ji Salamatu. "Har can kowa ya yaba."

Sabuwar takarda ba ta zo ba sai bayan wata biyar. Kafin nan an tura wata ungozoma Tébaram, domin masu haihuwa ba su jira. Salamatu ta ci gaba da daka da ɗiban ruwa a gidan ubanta har damina ta zagayo, Zalika na ganinta kowace safiya.

Darasi: Kyautar da aka yi domin idon jama'a, wanda aka ba shi ne ke ɗaukar wahalarta. In kin san aikinki bai kammala ba, kada ki miƙa shi, ko da za a ce kin zo hannu sake. Kuma in wadda ta riga ki sanin sana'a ta ce ki dakata, ki dakata. Ku tura wa 'ya'yanku da ƙannenku su karanta, musamman masu hannu mai kyau da gajen haƙuri.