Albashin Barewa a Ƙungiyar Kura

Ga ta nan, ga ta nanku, a matso kusa!

Ta zo mu ji ta, Baba!

Kura ce mai ƙungiyar ƙwallon dawa, kullum tana bugun ƙirji: "Ɗan wasana bai taɓa kwana da yunwa ba, shi ya sa ba mai barina." Amma fa albashin kowa ƙashi ne. Barewa, mai ci musu ƙwallo, ba ta cin ƙashi, sai Kura ta riƙa ajiye mata nata a cikinta.

Da kwantiragi ya ƙare, Barewa ta ce, "Hajiya, a biya ni da harawa, in sa hannu."

Kura ta miƙe rai a ɓace. "Harawa? Ji min rashin kunya! Ƙashin da ni kaina nake lasa kika raina? 'Yan wasan yanzu ba godiya!"

Barewa ta kwashi takalmanta ta koma ƙungiyar Giwa. Kura ta bi dawa tana cewa ai ita ta kore ta, wai ƙafar hagunta ta mutu.

Ranar da ƙungiyoyin suka kara, kafin hutun rabin lokaci Barewa ta zura uku. Kunkuru, mai tsaron gidan ƙungiyar Kura, ya leƙo daga raga, ya ɗaga murya gaban 'yan kallo: "Hajiya! Wace ƙafar kika ce ta mutu? Wallahi duka ukun nan da hagu ta ɗirka min su!"

Ƙurunƙus kan ɗan ɓera. In da ƙarya, ta Kura ce, ba tawa ba.