Anaruwa da Kunnuwan Birni

A zamanin da kura ke kwana a bakin ganuwa, an yi wani mayaƙi a birnin Tsagaiwa, sunansa Anaruwa. Kibiya ta cinye masa ido ɗaya, sai Allah ya mayar masa da ƙarfin a kunne. An ce yana jin tafiyar tururuwa a bayan dutse. Kirarinsa ke nan: "Kunnen ƙasa, mai ji tun ba a faɗa ba!"

Da ya ajiye kwari da baka, sai ya tara wanzamai da masu kitso da mata 'yan tallan kanwa, ya watsa su garuruwa. Duk abin da suka gani, shi suke kawo wa.

Wata shekara mutanen Gwaskara, tsofaffin abokan gaba, suka aiko da goron sulhu. Ruwan farko ya sauka. Sarki ya ce a sallami mayaƙa, kowa ya tafi shuka.

A ranar Tsahara mai kanwa ta dawo daga Gwaskara, ƙafa duk faso.

"Baba Anaruwa, fartanyata na kai maƙerarsu. Maƙera bakwai, ba wanda ya kalle ta. Ga wuta na ci, ga guduma na tashi."

"Damina ta kama, maƙeri ya ƙi fartanya?"

"To, ka ji dai."

Ya nufi fada, ya faɗi ya yi gaisuwa, ya kwashe labarin Tsahara ya faɗa wa sarki.

"Ranka ya daɗe, kan kibiya suke ƙerawa. A rufe ƙofa."

Sarki ya murtuke. "In laimar nan ta wuce ba shuka, yunwa za mu girba. Kan zancen mai kanwa?"

"Kwana uku. In ba su zo ba, ga wuyana."

Aka rufe. Ranar farko manoma suka yi ta zaginsa. Rana ta biyu ƙasa ta fara bushewa, hauni mai sare kai ya wasa takobi a gabansa. Anaruwa ya kifa kunne a ƙasa, bai tashi ba. Hantsin rana ta uku ya miƙe, ya ce, "Ku hau ganuwa."

Dawakin Gwaskara suka ɓullo, suna zaton gari fanko ne. Suka tarar da baka dubu a ɗame. Ko rabinsu bai koma ba.

Sarki ya ba Tsahara doki. Ta ce ita ba ta cin doki, rumfar farko ta bakin ƙofa take so, ita da 'ya'yanta mata har abada. Aka ba ta.

Har yau rumfar tana nan. Kuma ba sarkin Tsagaiwa da ke yarda a fita shuka sai ya aika an gaishe da matan cikinta, an tambaye su me suka gano a hanya.