Ɗorawar Kan Iyaka

Akwai waɗansu manoma biyu da gonakinsu ke haɗe, a kan iyakarsu kuwa akwai wata tsohuwar ɗorawa. Kowannensu cewa yake kakansa ne ya dasa ta. A kanta an fasa kawuna, an ƙone rumbuna, kowane gida kuma yana da kabarin da yake nunawa.

Duk shekara in ɗorawa ta yi fure, sai dattawa su zaunar da su, su yi alkawari ba mai taɓa ta sai ta nuna a raba. Amma da 'ya'yan sun fara tsawo, sai kowa ya ce a ransa, "In na jira, zai riga ni." Sai ya ɗauko maƙata, gorar nan mai ƙugiya, ya kaɗo su ɗanyu. Haka aka yi ta yi, ba gari, ba kalwa, ba daddawa.

Ran nan matar ɗayansu, wanda ya fi 'ya'ya maza da ƙarfi, ta ce masa, "Maigida, yau jikarka ta tambaye ni me ya sa muke faɗa a kan itacen da ba a cin 'ya'yansa. Ni da na tashi da garin ɗorawa a leɓe! Ina so in sake lasa kafin a binne ni."

Da safe mutumin ya saɓi maƙatarsa, ya je ƙofar maƙwabcin, ya ce, "Ajiye mini wannan har ta nuna."

Maƙwabcin ya dube shi sama da ƙasa, ya ce, "Guda nawa ka bari a gida?"

"Ita ke nan."

"Ubanka ma haka ya ce wa ubana."

"Na sani," in ji shi. Ya jingina ta a bango, ya koma.

Maƙwabcin bai kawo tasa ba. Amma bai kaɗa ba. 'Ya'yan suka yi ta duhu a sama, tsohuwar matar mutumin na zuwa gindin kullum tana ɗaga kai.

Ma'anar wannan misali ita ce, ɗorawar salama ce, ba ta kuwa nuna a rana ɗaya. Kuna jin Isra'ila da Falasɗinu a rediyo, yau an tsagaita wuta, gobe an koma. Raina yana marmarin ranar da yaransu za su san ɗanɗanon kwana lafiya. Amma kada ku girgiza kai kamar ku tsarkaka ne. Wasunku shekara da shekaru kuna sujada a benci ɗaya da wanda ba ku gaisawa. Alkawarin baki ba wuya. Mai ƙarfi shi ya kamata ya fara ajiye abin hannunsa, gama shi aka fi tsoro. Za a iya cutarsa? Ƙwarai kuwa. Almasihu ma da ya zo sulhunta mu, ba wanda ya ba shi jingina.