Manomi da Masu Sayen Iska

Akwai wani manomi da ya gaji kurmi a bayan gonarsa. A can kakanninsa suke yanka wa iskoki kaji, amma tun da ya zama mai bin Ubangiji bai ƙara kai ko ƙwai wurin ba. Bai kuma sare kurmin ba, don yana ƙaunar maɗaci da ɗorawar da mahaifinsa ya bar masa.

Wata shekara damina ta yi gardama, hatsi ya kusa ƙarewa a rumbu. Masu gawayi suka yi ta zarya gidansa suna neman ya sare musu itatuwan, har ya wasa gatari, zuciyarsa tana ciwo.

Ana haka sai ga wata baƙuwa daga wata ƙungiya. Ta gaishe shi, ta ce, "Baba, mun zo ne saboda iskar da kurminka yake riƙe da ita. Za a riƙa biyanka kowace shekara."

Manomi ya miƙe zumbur. "'Yata, ni da iska mun raba gari tun ranar baftismata. Gara yunwa ta kashe ni da in ci kuɗin tsafi!" Ya suri gatari ya nufi kurmi, wai ya share shi kowa ya huta.

Matarsa ta sha gabansa. "Maigida, bari ta gama mana. Wace iska ce, baiwar Allah?"

Baƙuwar ta ce, "Ba iskokin tsafi ba, Baba. Hayaƙin motoci da masana'antu nake nufi. Itatuwa ne suke shanye shi. Masu hayaƙin za su biya ka, muddin itacen yana tsaye."

"Wato a biya ni don kada in sara?"

"Haka ne."

Kunya da murna suka kama shi lokaci guda. Ya miƙa wa matarsa gatarin, ya ce ta faskara busasshen itace da shi. Shekarar nan gidansa bai kwana da yunwa ba, kurmi kuma yana nan.

Ga ma'anar misalin, 'yan'uwa. Kurmin shi ne amanar da Ubangiji ya ba kowannenmu: ƙasa, gaskiya, suna mai kyau. Gatarin shi ne matsi da fushi. Itatuwan nan sun yi shekaru suna aikin alheri, mai su bai sani ba, amma akwai mai gani. Manomin ya yi daidai da ya ƙi tsafi, sai dai garaje ya kusa sa shi sare albarkarsa da hannunsa. In ka ji gatari a hannunka wannan mako, tsaya tukuna ka tambaya: wace iska?