Ranar da Kamus Ya Nemi Jini

Akwai wani marubuci da mutane ke kira Kamus. Da tsokana aka laƙaba masa sunan, shi kuwa ya ɗauka kirari ne, har a bangon littattafansa ya maƙala shi.

Mutum ne da ba ya iya cewa an yi ruwa, sai dai ya ce gajimare sun tsiyayar da hawayen rahama bisa tafin ƙasa ma'abociyar ƙishi. An ce akwai wata jimlarsa da wani ya fara karantawa yana saurayi, bai kai aya ba sai da ya aurar da 'yarsa ta fari. Ni dai ban ga mutumin ba, amma na ga jimlar.

Kamus yana da zauren masu karatu a waya, mutane dubbai. Dokar zauren ɗaya ce, ko da yake ba a rubuta ta ba: duk wanda ya tambayi ma'anar kalma, ko ya ce bai gane ba, ya kori kansa. Kamus zai fara wanke shi tas a gaban jama'a, ya ce wanda bai iya iyo ba me ya kai shi kogi, sannan ya fitar da shi.

Waɗanda suka rage sai suka koyi zaman duniya. Da zarar rubutu ya faɗo, ko layin farko ba sa dubawa, sai su danna hoton zuciya su rubuta, "Allah ya ƙara basira, Malam." Shi kuwa ya kishingiɗa yana ƙirga zukata yana shafa gemu.

Cikin korarrun har da wan matarsa, direban tirela, mutum mai son karatu idan yana jiran lodi. Laifinsa guda: ya rubuta cewa ya cinye babi sukutum bai gane ba, yarinyar labarin mutuwa ta yi ko barci take?

Kamus ya amsa masa a bainar jama'a: "Adabi ba lodin siminti ba ne. Ka koma ka karanta lambar mota, ita ce daidai kai."

Tun daga ranar ko gaisuwa ba ta haɗa su. Direba ya je ya buɗe nasa zauren, ya sa masa suna Zauren Korarru, kuma kafin a jima ya fi na Kamus hayaniya.

Ana nan sai matar Kamus ta haihu a asibiti, jini ya ɓalle mata. Likita ya fito ya ce jininta irin mai wuyar samu ne, babu shi a ma'ajiya, na mijin kuma bai dace ba. In ba a samo masu bayarwa kafin yamma ba, sai dai a yi ta addu'a.

Wata ma'aikaciyar jinya ta ce masa, tunda an ce yana da jama'a a waya, ya rubuta musu rukunin jinin da lambar ɗaki kawai.

Kamus ya zauna a kan bencin baranda, ya zaro waya. Kada ku ce ba ya son matarsa. Yana sonta, hawayensa ma a kan gilashin wayar suke ɗiga. Sai dai hannun da ya saba da doguwar hanya bai san yanke ba. Ga yadda ya fara:

"Yayin da gugar ƙaddara ta tsunduma cikin rijiyar hayati, kuma jan kogin da ke kai-komo a magudanan gangar jiki ya ɗaura aniyar hijira daga ma'abociyar sirrina..."

Haka ya yi ta gangarawa. Rukunin jinin da lambar ɗakin suna can ƙasa, an binne su kamar allura a cikin rumbu.

Ya tura. Nan take zukata suka fara zuba. Allah ya ƙara basira, Malam. Alƙalaminka ya fi takobi. Wani ma ya tambaya yaushe littafin zai shigo kasuwa. Kamus yana duban waya, yana duban ƙofar asibiti. Ko kare bai shigo ba.

Rana ta karkata. Ma'aikaciyar jinya ta fito ta koma, ta sake fitowa, fuskarta ba annuri.

Sai ga direba ya faɗo barandar da baƙin mai a riga. Ashe ƙanwarsa, kafin ƙarfinta ya ƙare, ta roƙi a kira mata yayanta. Bai yi sallama ba. Ya tambayi ina masu ba da jinin, Kamus ya ce ai ya sanar, mutum ɗaruruwa sun gani.

Direba ya fizge wayar ya karanta, jijiyar wuyansa ta miƙe.

"Ƙanwata na can tana mutuwa, kai kana nan kana jan guga a rijiya?"

Kamus ya buɗe baki ya fara cewa ai jan kogi kinaya ce, jini yake nufi. Direba ya ce in ya sake jin wata kinaya, Kamus ma gado za a ba shi a asibitin.

"Yaya, ai sun karanta," in ji Kamus, murya ƙasa-ƙasa. Rabon da ya kira shi Yaya tun ranar ɗaurin aure.

"Wa ya karanta? Masu karantawa ai ka kore mu. Ka bar masu tafi, to ga tafi nan, a ɗaura mata."

Ya zaro tasa wayar ya rubuta a Zauren Korarru: matar Kamus ta haihu, tana neman jini iri kaza, asibiti kaza, ɗaki kaza, yanzu.

Kafin ladan ya kira la'asar baranda ta cika. Ga malamar makarantar da aka kora saboda ta nemi a rage tsawon jimla, ga mai kantin magani da aka ce masa kansa gwangwani ne. Kowa ya wuce ta gaban Kamus yana naɗe hannun riga, ba wanda ya gaishe shi. Malamar ce kaɗai ta tsaya ta ce masa ba don shi suka zo ba, kuma in an tashi ɗibar nata jinin a duba da kyau, kada jahilci ya bi mai jego.

Cikinsu aka sami uku da jininsu ya dace. Mai jego ta farfaɗo.

Da ta ji sauƙi, jaririya na barci a gefenta, sai ta ce a ba ta sanarwar da mijinta ya rubuta a kanta ta gani. Ta karanta a nutse tun daga guga har ƙasan rijiya, sannan ta ɗago ta dube shi.

"Allah sarki, Baban yara. Wace ce ba ta da lafiya?"

Direba ya yi dariya har da riƙe ƙarfen gado. Kamus ya miƙa hannu. Ya karɓi wayar ɗan'uwan matarsa, ya shiga Zauren Korarru, ya yi rubutu mafi gajarta a rayuwarsa, ya sa sunansa a ƙasa: "Na gode. Ku yafe mini."

Malamar makaranta ce ta fara amsawa: "Yau dai mun gane."

Darasi: Magana don a ji ake yin ta, ba don a ji tsoron mai ita ba. Wanda ya ce maka bai gane ba, shi ne ya karanta ka. In ka kore shi ka riƙe masu tafi, ranar da ka yi ihu tafi za su yi maka. Ku tura wa duk wani Kamus da kuka sani, in ya kore ku, akwai wuri a wancan zauren.